Kwalta, Burji da Turba: Zaɓen Hanyar Koyon Gudun Famfalaki a Birnin Kudu da Gwaram



Na tabbata akwai waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka yi mamaki, suna cewa ina ruwan malamin Hausa da guje-guje, mutumin da aka sani da nahawu da karin magana. Tambayar tana kan hanya, saboda haka bari in fara da ita. Sa'ad da nake karatun digiri na uku a Landan, likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, ya kuma ce maganin farko shi ne in rage zama. Sai na shiga fita gudu da safe a cikin lambunan birnin, inda mota ba ta shiga, ga kuma famfunan shan ruwa nan da can. Da na komo gida, wani aikin tattara tatsuniyoyi ya kai ni ƙasar Birnin Kudu na 'yan watanni. Kashegarin saukata na ɗaura takalmi bayan sallar asuba na hau babbar kwalta, don ita ce na ga ta yi kama da abin da ake nunawa a talabijin. Ban yi mil biyu ba wata babbar mota mai fitila ɗaya ta taso mini. Na zaci babur ne, sai da ta iso kaina na gane, na yi tsalle na faɗa kwazari. Mako uku na yi ina ɗingishi, a cikinsu ne kuwa na fara tunanin abin da zan yi magana a kansa yau, watau ina ya kamata mutumin da ke zaune a gari irin Birnin Kudu ko Gwaram ya bi, in yana so ya hori jikinsa ga gudu mai nisa.

Zan faɗi ra'ayina tun yanzu, don mai son musu ya shirya. Doguwar kwalta miƙaƙƙiya, wadda ido ya fi so, ita ce mafi munin zaɓi. Hanya ta gari ita ce gajeruwa, a kan burji ko turba mai tauri, wadda aka san tsawonta, wadda kuma take komowa da mai gudu wurin ruwa da wurin mutane kafin ya galabaita. Irin wannan hanya kuwa garuruwan nan biyu suna da ita a yalwace, sai dai ba a auna ta ba.

Sunan gudun da tsawonsa

Bahaushe ba ya rasa kalmar gudu. Yana da sassarfa, yana da zabura, yana da tsere, yana da gudun ceton rai. Doki kuma yana da sukuwa, yana da kilisa, watau fitar da shi a motsa masa jini ba don ana zuwa wani wuri ba. Da gidajen rediyo suka bukaci sunan wannan gudu na Turawa, sai suka ɗauko biyu: gudun famfalaki da gudun ya-da-ƙanin-wani. Na biyun ya fi burge ni, domin duk wanda ya taɓa bin yayyen unguwa zuwa kallon dambe a wani ƙauye ya san ma'anarsa: manya su miƙe, ƙaramin da ya ce sai ya taka irin takunsu a bar shi a hanya yana haki. Amma na farkon ya fi sauƙin faɗa, da shi zan yi aiki.

Maraton sunan wani fili ne a ƙasar Girka, inda mutanen Atina suka kori rundunar Farisa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa. Labarin da ya yaɗu shi ne wai wani manzo ya sheƙo daga fagen fama zuwa Atina, ya yi albishir, ya faɗi matacce. Herodotus, masanin tarihin da ya fi kusa da zamanin, bai kawo wannan ba. Abin da ya kawo shi ne manzon da aka aika daga Atina zuwa Sparta neman gudummawa, tafiyar kimanin kilomita 240. Da aka zo farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896, wani Bafaranshe mai suna Michel Bréal ya ba da shawarar a yi tsere daga Maraton zuwa Atina don tunawa da wancan labari. Shi Bréal ɗin nan malamin harshe ne, masanin ilmin ma'ana. Ke nan masu tambayar abin da ya haɗa malamin harshe da gudun famfalaki sun sami amsa: ɗan sana'armu ne ya ƙago shi.

Wani Bagirke, Spyridon Louis, shi ya ci tseren na 1896, a kan kimanin kilomita 40, cikin awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50. A wasannin Landan na 1908 aka shimfiɗa hanyar daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, ta kama mil 26 da yadi 385, watau kilomita 42 da mita 195. A 1921 hukumar guje-guje ta duniya ta tsayar da wannan tsawo. In kuna so ku kwatanta shi, kusan nisan Kano zuwa Wudil ne, ko kuwa kewaya filin tsere mai mita 400 sau 105 da rabi. A 2023, a Chicago, Kelvin Kiptum na Kenya ya gama shi cikin awa 2 da daƙiƙa 35, watau kowace mita ɗari cikin daƙiƙa 17, sau 422 a jere. Ma'aikaci mai ƙoshin lafiya da ya yi shiri na wata huɗu ko biyar, in ya gama cikin awa huɗu ko biyar ya yi abin yabo.

Juriyar nisa ba baƙuwa ce a ƙasar Hausa ba. Zagi yana sassarfa gaban dokin sarki daga gari zuwa gari, samari suna wuni a farauta da rani, fatake kuwa sun taka har Gwanja sun komo da goro. Abin da ke sabo shi ne agogo da ma'auni.

Abin da ƙasa ke yi wa ƙafa

Mai gudun famfalaki yana taka ƙasa sau dubu talatin zuwa dubu arba'in a ranar tsere, kowane taku kuwa yana aza wa ƙafar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku. Wannan na rana ɗaya ke nan. Mai koyo yana bukatar kilomita 40 zuwa 60 a mako, gwanayen Kenya da Habasha kuwa sukan haye 160. Saboda haka irin ƙasar da ake takawa wata da watanni ita ce rabin maganar.

Iri huɗu muke da su. Akwai kwalta, akwai burji, watau hanyar mota ta jar ƙasa da aka daddale, akwai turba wadda ƙafa da keke da amalanke suka fitar, sa'an nan akwai rairayi.

Mutane sukan ce aibin kwalta taurinta ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ƙafar ɗan'adam tana da dabarar sassauta kanta gwargwadon taurin abin da ta taka. Babban aibin shi ne a kan kwalta kowane taku daidai yake da wanda ya gabace shi, sai wahalar ta taru a wuri guda, a ƙwauri, ko a gwiwa, ko a agara. Bugu da ƙari, injiniyoyi suna gina titi da tozo a tsakiya don ruwa ya gangara gefe. Wanda ya yi kilomita ashirin a gefe guda, ƙafarsa ɗaya tana sauka ƙasa da ɗayar sau dubbai, ƙugu da gwiwa ne za su biya. A kan burji da turba kuwa, ɗan tudu da ɗan kwari da 'yar tsakuwa suna sāke wa ƙafa zama a kowane taku, wahalar ta rarrabu, ƙananan tsokokin idon sawu su yi ƙarfi. Ba don talauci ba ne gwanayen Kenya a Iten da Kaptagat suke yin yawancin gudunsu a kan jar ƙasa. Eliud Kipchoge, wanda ya ci zinariyar Olamfik a 2016 da 2021, a irin hanyoyin nan na Kaptagat ya yi shekaru yana horo.

Rairayi shi ne mayaudari. Samari suna son sa don yana gajiyarwa da sauri, su ɗauka gajiya ita ce riba. Gudu a cikin yashi mai zurfi yana cin ƙarfi fiye da na ƙasa mai tauri da kamar rabi, yana kuma ja wa agara da sha-raɓa ciwo in an yawaita. Minti goma ko sha biyar a gaɓar kogi da rani, sau ɗaya a mako, ya isa.

Duk da haka ba a ƙaurace wa kwalta ɗungum, tun da a kanta ake yin tseren. A makonni shida ko takwas na ƙarshe ya kamata a hau ta sau ɗaya a mako don ƙafa ta san ta, amma a zaɓi titin cikin gari da motoci ba su dame shi ba. A nan akwai ƙa'idar da ni na jahilta ranar da na faɗa kwazari. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 motoci a Nijeriya suke bin hannun dama, saboda haka mai gudu hannun hagu zai bi, ya fuskanci motar da ke zuwa, ya gan ta kafin ta gan shi. Ya kuma sa farar riga.

Birnin Kudu

Birnin Kudu mahaɗar hanyoyi ce: ta Kano, da ta Ningi, da ta Gwaram. Abin da ya raya kasuwarta shi ne ya sa manyan titunanta ba su dace da mai gudu ba, domin manyan motocin da suka kwana suna tafiya da asuba suke ratsawa, lokacin da barci ya fi damun direba, lokacin kuma da mai gudu yake fita. A cire su daga lissafi. Abin da ya rage iri uku ne, kowanne da aikinsa.

Na farko filin makaranta. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu tana cikin tsofaffin makarantun kwana na wannan yanki, ta yaye mutane da yawa da aka sani, har da Alhaji Aliko Ɗangote, waɗanda suka yi irin makarantun nan kuwa ba su manta gudun ratsa daji da ake tilasta musu ba. Fili irin na makaranta shi ne wurin koyon sauri: a yi mita 800 ko 1,000 da ƙarfi, a huta da sassarfa minti biyu, a sāke, har sau biyar ko shida. Sau ɗaya a mako ake yin wannan, da izinin shugaban makaranta, a kuma riƙa juya hannun kewayen don kada ƙafa ɗaya ta ɗauki lanƙwasar kullum.

Na biyu gindin duwatsu. Sunan jiharmu yana sa baƙo ya zaci duk tudun yashi ce, alhali kudancinta ƙasar duwatsu ce. A kewayen Birnin Kudu ne Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu suke, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin kogo. Bernard Fagg, Baturen ma'aikatar kayan tarihi, ya yi nazarinsu a shekarun 1950, a nan ne kuma a 1955 ya lura da duwatsun da ake bugawa su yi amo kamar ƙararrawa, ya sanar da duniyar masana a 1956. Ga mai gudu, amfanin wannan ƙasa shi ne hawa da gangara. Hawan da bai yi tsanani ba, wanda za a iya gamawa cikin minti ɗaya ko biyu, in an maimaita shi sau takwas ko goma, yana ƙarfafa cinya da zuciya fiye da abin da shimfiɗaɗɗen fili zai bayar. A hau da gudu, a sauko da tafiya, domin gangara ta fi hawa cin tsokar cinya da gwiwa, ko da yake numfashi ba ya nuna haka. A tsaya a kan turbar da ke gindin dutse. Fā mai santsi ba wurin gudu ba ne, kogunan zanen kuwa kayan tarihi ne na ƙasa, ba wurin shanya riga ko rubuta suna da gawayi ba. Na ga an yi, abin kuwa ya ba ni kunya.

Na uku hanyoyin ƙauye, masu fita daga gari ta cikin gonaki. Waɗannan su ne abincin yau da kullum, a kansu za a yi kashi huɗu cikin biyar na dukan gudun mako, da saurin da mutum zai iya hira da abokinsa ba tare da ya yanke magana ba. Mafi yawan masu koyo a nan suke kuskure: suna ganin gudun da ba a yi haki ba asara ne. Alhali a wannan sassarfar ce zuciya take ƙara yawan jinin da take turawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, jiki ya koyi ƙona kitse. A zaɓi hanyar da babura da amalanke suka daddale, a guji burtali da safe lokacin da shanu ke fita, a kuma guji turbar da ciyawa ta rufe, saboda tsidau da ƙarangiya, da kuma kububuwa, wadda ba ta gudun mutum.

Gwaram da dogon gudu

Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ya zarce tsawon famfalaki. Na sha jin samari suna cewa burinsu su tashi daga wannan gari su sauka a wancan. Buri ne mai daɗin faɗa a majalisa, amma ba horo ba ne. Dogon gudun mako, wanda shi ne ginshiƙin shirin duka, ana fara shi ne daga kilomita goma sha biyu ko sha biyar, a riƙa ƙara kaɗan-kaɗan, jimlar mako ba ta ƙaruwa da fiye da kashi ɗaya cikin goma, har a kai kilomita 30 ko 32 saura mako uku tsere, sa'an nan a rage don jiki ya murmure. Ba a cika tsawon sai ranar.

Dalilin da ya sa miƙaƙƙiyar hanya take da haɗari yana cikin jiki. Tsoka da hanta suna ajiye wani irin sukari wanda yake isar mai gudu kimanin kilomita 30 zuwa 35. In ya ƙare, ƙafa takan yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, kai ya yi jiri, tunani ya rikice. Gumi kuwa yana fitar da lita ɗaya zuwa biyu na ruwa kowace awa. Wanda wannan ya same shi yana kilomita goma sha biyar daga gida, ba inuwa, ba rijiya, rana kuma ta take, ya shiga halin da ƙarfin zuciya ba ya fitarwa. Shi ya sa a tseren gaske ake ajiye ruwa kowace kilomita biyar.

Abin da nake ba da shawara shi ne tsarin da na kira tsarin murhu. A sami wuri guda, gindin wata tsamiya ko kuka kusa da gidajen mutane, inda hanyoyi uku suka rabu kamar duwatsun murhu. A ajiye tulu da dabino a nan, da yaro mai tsaro. A bi hanya ta farko kilomita biyu da rabi a komo, an yi biyar ke nan, a sha ruwa. A bi ta biyu, a bi ta uku. In an zagaya sau biyu an yi talatin, alhali ba a taɓa nisantar ruwa da fiye da kilomita biyu da rabi ba. Ƙasar Gwaram ta dace da wannan ƙwarai, domin tana da tuddai da kwaruruka, ga gaɓar Kogin Bunga, ga hanyoyin burji masu haɗa ƙauyuka, sai a sa ɗaya daga cikin ukun ta zama mai hawa. Mazauna Sara ko Basirka ko Fagam kowa zai sami nasa murhun a bayan gari. Wanda ya ga komowa wuri guda tana gundurar sa, to, ya nemi aboki mai keke ya bi shi da jarka. A cikin ruwan a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kowace lita, irin haɗin da ake yi wa yaro mai gudawa. A sha gwargwadon ƙishirwa, domin ɗura ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini, wannan ma ya kashe masu gudu a manyan tsere na duniya.

Da damina lissafin yana sākewa. Turbar fadama takan zama taɓo, kwazari ya kawo ruwa ko da ba a garin aka yi saman ba. A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya wata gada a hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta rufta, mutum fiye da ashirin suka rasu. In ruwa ya ci gadar siminti cikin dare, mai gudu da duku-duku ba shi da dalilin amincewa da hanyar da bai gani da rana ba. Kada kuma a ratsa kududdufi ko a yi wanka a ciki bayan gudu, saboda tsargiya.

Lokaci da zafi

Hanya ɗaya tana iya zama ta gari da ƙarfe shida na safe ta zama mugunya da ƙarfe goma. Gudun famfalaki ya fi kyau a sanyin da ma'aunin zafi yake wajen 10 zuwa 15, mu kuwa da bazara, a watan Afrilu, yakan kai 40. Ko gwanaye ba su tsira ba. A gasar duniya ta Doha a 2019 an fara tseren mata da tsakar dare don gudun rana, duk da haka 28 daga cikin 68 ba su gama ba. Wannan ne ya sa aka ɗauke tseren Olamfik na Tokyo aka kai shi Sapporo, can arewacin Japan.

Rabonmu yana cikin hunturu. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, asubar wannan yanki tana yin sanyin da ya kusanci abin da ake bukata, rana kuwa a Janairu ba ta fitowa sai wajen bakwai saura kwata. Wanda ya fita da an idar da salla, gari ya fara wayewa, yana da awa uku masu kyau. Tseren Legas, wanda aka fara a 2016, a watan Fabrairu aka saba yin sa, ke nan wanda ya soma shiri da kaka, a Oktoba, zai yi mafi wuyar aikin a cikin sanyi. Sai dai a lura da abu biyu. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango dutse, a haƙura, musamman mai asma. Sa'an nan iskar Legas mai laima ce, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Jiki yana bukatar kwana goma zuwa sha huɗu kafin ya saba da zafi, saboda haka a makonni biyu na ƙarshe a mai da wasu gajerun gudu zuwa hantsi. Masu azumi kuma su tuna cewa a 2025 watan ya kama a Maris, yana kuwa matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, watau yana shiga tsakiyar lokacin horo; dogon gudu da azumi a baki ganganci ne, sai a mai da shi bayan buɗa baki a kan hanyar da aka sani sarai.

In abokin gudu ya fara tangaɗi, ko magana ta rikice masa, a kwantar da shi a inuwa, a kwarara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, sa'an nan a nemi mota. Ba a jira. Ga ma'aikatan da suka haye arba'in, da masu ƙiba, da wanda hawan jini ko ciwon sukari yake cikin danginsa, hanyar farko da za su bi ita ce ta Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin da ya fi kusa, a auna su. Matasa kuma su san rukunin jininsu: kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da yana ciwon ba, irin wannan kuwa yana gudu lafiya lau, amma tsananin zafi da ƙishirwa da zabura ba shiri sun fi yi masa haɗari. Masu neman shiga soja da 'yan sanda, waɗanda sukan tashi rana ɗaya su ce za su rama zaman shekara, su nake nufi.

Akwai abin da ba mu da shi, kada in ɓoye. Iten tana kan tudu mai kimanin mita 2,400 bisa teku, Bekoji ta Habasha, garin su Derartu Tulu da Kenenisa Bekele, ta fi haka. A can iska ba ta da kauri, sai jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini don ya wadatu. Birnin Kudu ba ta kai mita 600 ba. Ko Jos, wadda take wajen mita 1,200, rabin Iten ce, amma wannan ɗan fifiko yana cikin abin da ya sa 'yan Filato suka yi fice a dogon gudu a ƙasar nan. Yaron da ya nuna baiwa ta gaske a Gwaram, wata rana sai an kai shi tudu. Amma kafin a kai ga haka akwai shekaru na aiki, waɗanda burjin gida ya ishe su.

Mutanen da ke bakin hanya

A ƙasar Hausa babba ba ya gudu sai da dalili. Duk wanda ya gan ka zai ce, “Malam, lafiya?” A wannan zamani kuwa da kowane ƙauye yake da 'yan sintiri, baƙon da aka gani yana sheƙa gudu da duhun asuba a bayan gari yana iya gamuwa da abin da ya fi tambaya. Saboda haka kafin a fara bin wata hanya, a taka ta da rana, a je a gai da mai unguwa ko dagaci, a ce, “Ranka ya daɗe, za ka riƙa ganinmu muna wucewa da safe, motsa jini muke yi.” A yi sallama a ruga, don karnuka su san an san ubangijinsu. A tafi mutum biyu ko uku. A kauce wa ranar kasuwa, a kuma tsaya a kan turba da damina, kada a tattake wa mutum shuka. Bayan mako biyu za ku ga masu tambayar lafiya sun koma cewa “A gaishe ku,” yara kuma sun fara bin ku.

Ga 'yan'uwa mata, fili mai katanga na makarantar 'yan mata, da sa'a da aka keɓe musu, shi ne mafarin da iyaye da mazaje za su fi yarda da shi. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai yi wa Holan gudu, ta ci famfalakin Olamfik na Faris a 2024, ta kuma karɓi zinariyarta da lulluɓi a kanta, duniya tana kallo.

Awo

Saura abu guda, wanda shi ne ya fi sauƙi, shi ne kuma ba a yi ba. Hanyar da ba a san tsawonta ba ba ta koya wa mai gudu kome game da saurinsa. A manyan tsere da keke ake awo, a ɗaura masa wata 'yar na'ura mai ƙirga juyin ƙafa, wadda wani Ba'amurke, Alan Jones, ya ƙago a 1971, har ma a ƙara mita ɗaya a kowace dubu don kada hanya ta gaza. Mu ma muna iya kwatanta wannan. A auna mita ɗari uku da tef a wuri miƙaƙƙe, a ɗaura ƙyalle a jikin wayar ƙafar keke ta gaba, a tura keken a ƙirga juyi nawa ya yi. Daga nan an san juyi nawa ne kilomita. Wayar hannu da agogon babur suna taimakawa, amma sukan yi kuskure, a gwada su da keken. Sai a sami dutse a kowace kilomita a shafa masa farar ƙasa ko fenti, a rubuta lamba. Malamin wasanni guda da ɗalibai goma, da galan ɗaya na fenti daga ofishin ƙaramar hukuma, za su gama hanyoyi uku a ranar Asabar ɗaya. Akwai jami'an wasanni na ƙananan hukumomin biyu a cikin wannan zaure. In sun sa rana bayan an ɗauke amfanin gona, keken nawa ne.